Ƙurar Ɗakin Baya

A unguwa Dakta ake ce masa, duk da ba likita ba ne. Haƙoran roba yake haɗawa. Likitocin haƙori su auna bakin mutum su ba shi awon, shi kuma ya mayar musu da haƙora a jere, sai dai a sa a baki a tauna. Takardar shaidarsa tana rataye a falo cikin gilashi, inda duk mai shigowa zai gani. A gida kuwa Auta ne, kuma duk wanda ke kwana a gidan ya san shekara tara ke nan rabon da Auta ya gama haƙori ɗaya da hannunsa. Yayarsa ce ke yi.

Da mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yarta, sai ya nuna mata aikin, wai ta rage zaman banza. Cikin wata shida hannunta ya wuce nasa. Daga nan ya koma ɗan yawo. Ya hau babur ya karɓo awo, ya kai aiki, ya karɓi yabo. Ita kuma tana ɗakin baya tun safe. Ta zuba filasta a cikin awo, ta jera haƙora ɗaya bayan ɗaya a kan jan kaki, ta dafa, ta fasa, sannan ta ɗauki ɗan injin gogewa mai kama da biro. Gogewar ce mai ƙura. Idan kuma aikin na ƙarfe ne, akwai wani akwati da ke fesa yashi mai laushi, gilashinsa ya tsage an liƙe da salatif. Kafin azahar girarta ta yi fari.

Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon lungu. A kulle take, an jingina mata tsohuwar katifa.

Wata safiya Auta ya shigo da leda biyu ya ajiye mata a tebur.

"Yaya, wannan na wani tsoho ne, sama da ƙasa. Wannan kuma matar ta ce a mayar mata da wushiryarta, wai mijinta don ita ya aure ta."

"To a ce wa mijin ya zo ya zaɓi faɗinta," in ji Yaya.

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama tari. Sai da ta dafa tebur. Auta ya tsaya yana duba wayarsa har ta gama.

"Auta, ka bar ni in buɗe tagar nan ko da rabi ne."

"Yaya, kin san lungun nan. Mai shagon can ba ya sayar da komai sai kallon mutane. Ya ga na fita a kan babur, ya ga ƙura tana fita ta taga, ya ji inji yana kuka. Me zai ce? Kafin la'asar an kai wa hukuma cewa wata ce ke aiki da takardata."

"To fankar da ke zuƙe ƙura, da ka ce za a fasa bango a sa?"

"Ita ma waje za ta hura, ai duk ɗaya ne. Ki dinga sa takunkumi mana, ba na kawo miki ba?"

Yana kawowa, irin na takarda. Amma da ta sa, numfashinta ya rufe tabarau, ba ta ganin gefen dasashi, kuma kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya yi wa mutum gyambo a baki. Sai ta ja shi ƙasan haɓa. Ya sani, don shi ma haka yake yi a da.

Tarin ya yi wata uku bai tafi ba. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Inna, mahaifiyarsu, ita ta ce a kai ta asibiti. A bakin ƙofar likitan ƙirji Auta ya rage murya.

"Ki bar ni in yi magana. Ke kina saurin ruɗewa."

Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinta ya daɗe yana kallo.

"Malama, wane aiki kike yi?"

Ta buɗe baki, Auta ya riga ta.

"Ba ta aiki, likita. Tana gida, ni nake riƙe da ita tun da maigidanta ya rasu."

"Ba ta zama a wurin ƙura? Niƙa, fasa dutse, siminti?"

"Ina fa. Ko shara ba na bari ta yi."

Likita ya dube ta. Ta sunkuyar da kai, ta tura hannayenta cikin mayafi. Ya ce gwajin majina bai nuna komai ba, amma hoton ya yi kama da na tarin tibi, kuma wani lokaci cutar takan ɓuya. Ya rubuta magani na wata shida, kullum da safe, ba fashi.

A gida aka ware mata kofi da kwano, matar Auta ta ɗiga musu jan fenti don kada yara su ɗauka. Aka hana yaran shiga ɗakinta. Aka ce 'yarta ta koma kwana wajen Inna, yarinyar ta ƙi. An raba Yaya da komai a gidan, ban da inji.

"Ai ɗakin baya ma ya fi miki," in ji Auta. "Ba kya cakuɗa da kowa. Kin ga an huta."

Maganin ya sa fitsarinta ya yi ja, gwiwoyinta suka riƙe, abinci ya fita ranta. Ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Ta haɗiye ƙwayoyin, ta huta kaɗan, ta shiga ɗakin baya ta rufo ƙofa. A wata na biyu ta daina iya ɗaukar bokitin filasta. A na uku, daga ɗakinta zuwa banɗaki sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango. Ta daina kwanciya a miƙe, sai a jingine da matashi uku. Magana ma ta koma guntu-guntu, kalma huɗu ko biyar, ta tsaya ta nemi iska.

Ran nan ta tare Auta a tsakar gida yana goge babur. Inna tana zaune a tabarma tana tsefe kan jikarta.

"Auta, likitan nan ya tambayi ƙura. Ba a banza ya tambaya ba."

"Kowa suna tambaya, Yaya. Haka takardarsu take."

"Wata huɗu ina shan magani. Kullum baya nake yi. Mu gaya masa gaskiya."

Ya ajiye tsumman.

"Mu gaya masa me? Cewa wadda ba ta da takarda ce ke haɗa abin da ake sa wa mutane a baki? Likitocin nan duk sun san juna. Yau kin faɗa, gobe an ƙwace takardata an rufe ɗakin. Sai mu ci me? Mu goma ne a gidan nan. Har da 'yarki da makarantarta."

"Ban ce a rufe ba. Na ce a faɗa."

"Filasta ce fa, Yaya. Ita ake ɗaure karaya da ita. In tana kisa da ba a sa wa mutane a jiki ba."

"Yashin fa? Ƙarfen fa?"

Inna ce ta amsa, ba tare da ta ɗago ba.

"Ke dai ki sha maganinki. Ciwo na Allah ne, wanda bai taɓa ganin inji ba ma yana tari. Ƙaninki ya rufa miki asiri lokacin da dangin mijinki suka watse, ke kuma ki tona nasa a gaban bare? Ki bari a gama wata shidan mu gani."

Matar Auta ta leƙo daga kicin ta ce ita wata ƙawarta sai a wata na biyar ta fara jin sauƙi, yanzu har ta yi ƙiba.

Yaya ta koma ɗakin baya. Akwai aiki huɗu a tebur.

A wata na biyar aiki ya fara dawowa. Tari ya kama ta inji yana hannunta, ya zarce ya cinye gefen roba. Wani likitan haƙori ya kira Auta ya ce, "Dakta, hannunka ya canza, lafiya?" Sai Auta ya ce wa Yaya ta kwanta kwana biyu, shi zai zauna a kan aikin. Ya zauna ɗin. Ran farko bai yi awa uku ba ya fito yana kakkaɓe riga yana kaki, yana cewa ɗakin nan zafi gare shi kamar tanda. Abin da ya haɗa ma ya dawo, haƙoran sama ba sa zama a kan na ƙasa.

Wata la'asar Yaya tana jingine a ɗakinta ta ji inji ya tashi. Ta saurara. Ta san hannun Auta, dannawa yake yi har injin ya yi gurnani. Wannan hannun sassauƙa ne, ya taɓa ya ɗaga, ya taɓa ya ɗaga. Kuma babur ba ya tsakar gida.

Ta sauko da ƙafafunta. Ta bi bango. Ta tsaya a ƙofar kicin ta huta, ta tsaya a wajen randa ta huta. Da ta tura ƙofar ɗakin baya, ƙura ce ta fara tarbar ta.

'Yarta ce a kan kujera, shekararta goma sha huɗu, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Takunkumin yana ƙasan haɓarta. Girarta ta yi fari. Ta juyo tana murmushi, ta ɗaga haƙoran da ke hannunta.

"Umma, duba. Kawu ya ce hannuna irin naki ne. Gogewa kawai zan dinga yi in na dawo, kafin ki warke."

"Uwata, kashe."

"Saura kaɗan, gefen nan ne kawai..."

"Kashe. Fito."

Yarinyar ta kashe. Yaya ta kama hannunta ta ja ta zuwa famfo, ta wanke mata fuska da hanci da gashin ido, tana yi tana haki, har ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta ta zauna a ƙasa cikin ruwan.

Da Auta ya dawo ya ji, ko a jikinsa.

"Koyon sana'a laifi ne? Awa ɗaya ce fa a rana. Ke shekara tara kika yi kafin ki fara tari."

Yaya ta ɗago ta dube shi.

"Ashe ka san na ɗakin ne."

"Ban ce ba. Ke kike faɗa."

Ranar komawa asibiti ta zo bayan kwana takwas. A mota aka kai ta, don ba ta iya zaman babur. Likita ya jera sabon hoto kusa da tsohon, ya cire tabarau ya murza ido.

"Ban gane ba. Kina shan maganin kuwa?"

"Kullum, likita," in ji Auta. "Da hannuna nake ba ta."

"Da tibi ne da ya ja baya. Wannan gaba ya yi. Malama, zan sake tambayarki. Babu inda kike shaƙar ƙura?"

"Likita, ai na gaya maka..."

"Ita na tambaya."

Yaya ta fito da hannayenta daga mayafi ta ɗora a kan tebur. Fatar yatsun ta tsattsage, ƙarƙashin farce akwai jan roba da ba ya fita da sabulu.

"Haƙora nake haɗawa," ta ce. Ta nemi iska. "Shekara tara. Ina goge roba. Ina goge ƙarfe. Akwai akwatin yashi." Ta sake tsayawa. "Ɗakin a rufe yake."

"Awa nawa a rana?"

"Safe zuwa magariba."

"Har cikin wata shidan nan?"

"Sai kwana ashirin da suka wuce."

Likita ya ajiye biro. Ya juya wajen Auta.

"Takardar wa ake aiki da ita?"

"Tawa ce. Taimaka min take ɗan yi, likita, ba wai..."

"Kai ka yi karatun aikin ke nan. An koya maka abin da ƙurar nan take yi wa huhu."

"An ɗan taɓa faɗa."

"Na tambaye ka a ɗakin nan, kana zaune a kujerar nan."

Auta ya kafe ido a kan tayil.

Likita ya yi wa Yaya bayani a hankali. Ƙurar ta shiga huhu ta zauna, naman wurin ya taurare kamar tabon ƙuna. Ba tibi ba ne, maganin da ta sha bai da abin da zai kashe. Tabon ba ya gogewa. Za a ba ta abin da zai rage wahala, kuma za ta buƙaci tukunyar iskar numfashi a gida.

"Da an faɗa wancan karon fa?" ta tambaya.

Likita ya mayar da tabarau idonsa.

"Da na raba ki da ɗakin a ranar. Ba za ki warke sarai ba, amma da kina yawo da ƙafarki."

Auta ya matso da kujera. "Likita, maganar takardar nan, don Allah in za ta tsaya a nan..."

"Ni likitan ƙirji ne, Malam. Ban tambaya don in kai ƙarar kowa ba."

A gida Inna ta yi kuka, amma da ta share hawaye abin da ta fara faɗa shi ne, "Yanzu da kika faɗa, an ba ki lafiyar? Kin dai kunyata ƙaninki a banza." Matar Auta ta ce alhamdu lillahi tunda ba mai yaɗuwa ba ne, ta tattara kofi da kwano masu jan fenti ta mayar cikin sauran. Auta ya kwana biyu ba ya gaishe da Yaya. Yana jiran hukuma. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Takarda tana nan a falo cikin gilashinta.

Yaya ba ta jira ba. Ta sa aka kira mata ƙanwar marigayi mijinta a waya, ta roƙe ta ta zo ta ɗauki yarinyar. Ran da gwaggon ta zo, yarinyar ta riƙe ƙarfen gado.

"Umma, wa zai dinga juya ki? Wa zai duba tukunyar in ta kusa ƙarewa? Wallahi ba zan sake shiga ɗakin ba."

"Za a ce miki awa ɗaya. Za a ce don ni. Za ki shiga."

"Ba zan shiga ba."

"Ni ma haka na ce. Tashi, Uwata."

Sai da gwaggon ta ɓamɓare yatsunta daga gadon. Yaya ta juya fuska bango. Kuka ma yana son iska, ba ta da ita.

Da ya tabbata ba mai zama a kujerar sai shi, Auta ya kira magini. Da safe aka fara, kafin sha ɗaya an fasa bango an kafa fankar zuƙe ƙura. Aka fitar da katifar aka buɗe taga. Ya sayo sabon gilashin akwatin yashi, da wani takunkumi na roba mai matata biyu a gefe, wanda ba ya rufe tabarau. Ya ce wa Inna lafiya ba abin wasa ba ce. Mai shagon lungu ya ga ƙura tana fita, bai ce komai ba, yana ta auna wa mutane sukari.

Masu zuwa dubiya sukan zauna a falo ƙarƙashin takardar, su sa wa Dakta albarka. Irinsa ba yawa, in ji su, wanda zai riƙe 'yar'uwa haka, har da tukunyar iska. Inna takan ce ai tun yana ƙarami mai tausayi ne. Yaya tana ji daga ɗaki, roba a hancinta.

Wani hantsi Auta ya shigo da tire a hannu, Inna tana bayansa. Haƙora ne sama da ƙasa a kan filasta.

"Yaya, sannu da jiki. Wannan sau biyu yana dawowa. Ba taɓawa za ki yi ba, dubawa kawai."

Ba ta motsa ba.

"Duba masa mana," in ji Inna. "Ido ne kawai, ba ƙura a ido."

"Na wata tsohuwa ne," ya ce. "Mako uku ba ta tauna komai ba, sai abu mai ruwa. 'Ya'yanta sun dame ni."

Yaya ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Sannan ta miƙa hannu. Ya sa mata tabarau. Ta haɗa na sama da na ƙasa, ta karkata su wajen haske, ta bi gefen da babban yatsa. Ba ta yi minti ɗaya ba.

"Fiƙar hagu. Ta yi tsawo. Ita ke tokare sauran." Ta nemi iska. "Rage kaɗan. Kada ka danna."

"Shi ke nan?"

Ta gyaɗa kai. Ya ɗauki tiren ya fita da sauri, ya manta tabarau a fuskarta. Inna ta bi shi. Daga tsakar gida Yaya ta ji ya kira likitan haƙorin, muryarsa a sake.

"Na gano matsalar, ranka ya daɗe. Fiƙa ce. Ai aikin nan sai an daɗe a cikinsa ake samun ido."

Aka kunna fanka, aka kunna inji.

Ba a kama kowa ba, don ba wanda ya ɗaga mata hannu. Ba a taɓa hana ta abinci ba, ba a taɓa zaginta ba, Yaya ake ce mata har yau, a durƙusa a gaishe ta. Mutanen da ke tauna nama da aikin hannunta sun fi dubu, ba ɗaya da ya san da ita. Shekararta arba'in da ɗaya. Allurar ma'aunin tukunyar iska ta sauka kan ja tun ɗazu, ta kira sau biyu, amma muryarta ba ta kai ƙofa, kuma inji yana aiki.